Yadda taminal za ta taɓo ni idan aiki ya ƙare

Sadiq Terminus: Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema. Akwai wani ɗan furogiram da na rubuta da Python, yana kwashe bidiyon biki da na walima da muke ɗauka ya miƙa wa ffmpeg ya matse su ɗaya bayan ɗaya, wani sa'in minti 40 wani sa'in sai ya haura awa 2. Kwamfutar da take aikin tana ɗakin ciki na shago, Ubuntu Server ce ko sikirin babu a jikinta, ni kuma ina gaba da laftof ina shiga cikinta daga nesa ta ssh. Damuwata ita ce ba na sanin lokacin da ya gama, sai dai in yi ta leƙa taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, kwastoma na tsaye a kaina ina ce masa saura kaɗan alhali tun ɗazu an gama. So nake idan ya ƙare sanarwa ta faɗo min a gefen sikirin kamar yadda ta WhatsApp take yi. Na sa notify-send a ciki sai ya ce min Cannot autolaunch D-Bus without X11 $DISPLAY. Me zan yi?

Bashir: Wa alaikumus salam. sudo apt install libnotify-bin, shi ke nan an wuce wajen

Sadiq Terminus: Na riga na instol Bash, ai da babu shi cewa zai yi command not found, wannan kuma wata magana daban yake yi

Bashir: Au to ban karanta har ƙasa ba, afuwan

Ummi: Yaya Bash kullum sai ka amsa kafin ka gama karatu 😂

Malam Nura: Sadiq notify-send ba zai taɓa yi maka ba a yadda ka tsara abin nan. Shi notify-send magana yake da D-Bus, wato hanyar da furogiram suke aika wa juna saƙo, na kwamfutar da aka kira shi a kanta, daga nan wani daban ne yake zana akwatin sanarwar a sikirin, a GNOME shi kansa GNOME Shell ne, masu i3 ko sway kuma sai sun sa dunst ko mako. To kai a kwamfutar ɗakin ciki ka kira shi, can kuwa babu tebur (desktop) babu mai zanawa. Ko da akwai ma, a can ɗakin cikin za ta fito ɓeraye su karanta, ba a laftof ɗinka ba.

Sadiq Terminus: Allah ya saka Malam, yanzu na gane inda gizo ke saƙa. To mene ne mafita?

Malam Nura: Mafi sauƙi, ka kira shi daga ɓangaren laftof:

ssh shago 'python3 matse.py'; notify-send "Bidiyo" "An gama"

ssh ɗin zai tsaya har aikin ya ƙare, yana dawowa sai notify-send ya tashi a laftof ɗinka inda akwai mai zanawa.

Sadiq Terminus: Wannan zai yi amma Malam a cikin tmux nake barin aikin, saboda in waya ta motsa ko na rufe laftof na tafi sallah kada aikin awa 2 ya mutu a banza

Kabiru: Ku sayi Mac ku huta. osascript -e 'display notification "An gama" with title "Bidiyo"' layi ɗaya babu D-Bus babu ciwon kai

Bitrus: Oga Kabiru shi ma osascript ɗin a kan Mac ɗin kawai yake aiki, in ka shiga saba (server) ta ssh babu shi a can. Matsalar ɗaya ce fa

Kabiru: Duk da haka ku sayi Mac

Bitrus: Ka turo kuɗin mana, akawun ɗina na nan yadda ka san shi

Hafsat: Salam. Yanzu na fito daga aji na ga wannan. Malam Sadiq abin da kake nema akwai shi, kuma ba sai ka instol komai a saba ba. Ka tuna abu ɗaya ne tak yake tafiya daga ɗakin ciki zuwa laftof ɗinka, wato rubutun da furogiram yake fitarwa. To a cikin rubutun nan ake cusa saƙon. Kamar yadda ake cusa lambobin da suke sa rubutu ya zama ja ko kore, haka akwai waɗanda suke ce wa taminal ta fitar da sanarwa. Taminal ɗin kuwa a laftof ɗinka take zaune, ita ce za ta yi magana da tebur ɗinka a madadin furogiram ɗin, shi ssh ɗan aike ne kawai bai ma san me ya ɗauko ba. Gwada wannan bayan ka shiga saba:

printf '\033]9;An gama\007'

Wannan \033 ɗin shi ne ESC, sai ] sai lamba 9, sai saƙonka, sai \007 ya rufe. Ana ce masa OSC 9, daga iTerm2 ta Mac ya samo asali amma yanzu kitty da WezTerm da Ghostty duk suna jinsa.

Kabiru: Kun ji ko, daga Mac ya fito

Sadiq Terminus: Malama na kwafa na liƙa, babu abin da ya faru, ko kuskure bai nuna ba, shiru kawai

Hafsat: Wace taminal kake amfani da ita a laftof ɗin?

Sadiq Terminus: Wadda ta zo da Ubuntu, GNOME Terminal

Hafsat: To ita ce. Ba ta san wannan lambar ba, kuma al'adar taminal idan ta ga OSC da ba ta sani ba haɗiyewa take yi ta yi shiru. Nan ne abin yake da ban haushi gaskiya, ba a haɗu a kan lamba ɗaya ba. Akwai 9 ɗin nan na iTerm2, saƙo kawai yake ɗauka babu kanu. Akwai 777 da ya fito daga urxvt, shi yana da kanu da jiki:

printf '\033]777;notify;Bidiyo;An gama\007'

foot da WezTerm da Ghostty suna jin wannan. Sai 99 wanda Kovid Goyal mai kitty ya tsara, shi ne ya fi cika, ana iya ba sanarwa lamba a sabunta ta daga baya, a faɗi gaggawarta, a ce kada ta fito sai idan ba ka kallon tagar:

printf '\033]99;;An gama\033\\'

Ni dai shawarata ka sa kitty a laftof, tana cikin apt, ka sake gwadawa.

Ummi: Anti Hafsat wannan Kovid ɗin shi ne mai calibre da muke karanta littattafai?

Hafsat: Shi ne Ummi

Dauda Bukuru: Jama'a mu 'yan Windows fa? Ko an kore mu daga zauren ne ba a faɗa mana ba

Bashir: Tun bara aka kore ku

Malam Nura: Dauda a PowerShell akwai BurntToast, ka yi Install-Module BurntToast sannan New-BurntToastNotification -Text "An gama". In a cikin WSL kake kana iya kiran powershell.exe daga can ya yi maka.

Hafsat: Tun da an zo maganar Windows bari in ƙara abu ɗaya. Lambar 9 ɗin nan ConEmu ma ta ɗauke ta ta yi nata amfanin da ita, 9;4 shi ne sandar da take nuna inda aiki ya kai, Windows Terminal ma tana bin wannan. Saboda haka kada saƙonku ya fara da lamba da alamar ; a bayanta, in ba haka ba wata taminal ɗin za ta ɗauka umarni ne ba saƙo ba. Ka fara da kalma ka zauna lafiya.

Oga Iliya: Ina ta karantawa tun ɗazu ban so in yi magana ba amma bari in faɗi abin da ya same ni, saboda duk kuna ta maganar yadda sanarwa za ta iso, babu wanda ya yi maganar abin da za ta faɗa idan ta iso, ni kuma a nan na ƙone.

Shekara biyu ke nan ina kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan gari, ba zan faɗi suna ba. Sakamakon yara da kuɗin makaranta duk a MySQL suke a kan wata kwamfuta a ofishin akawu, ni ma a kanta nake zama idan na je. Na rubuta sikirif na bakof, mysqldump a tura wa gzip a ajiye a wani hadis (hard disk) na waje, na sa shi a cron mai tada aiki da kansa in lokaci ya yi, duk ranar Juma'a ƙarfe 11 kafin a tashi. Na so in riƙa ganin shaida cewa ya yi, sai na ƙara && notify-send "An gama bakof" a ƙarshe. Bai fito ba. Kwana 3 na yi ina fama kafin na gano cron ba ya ɗauke da muhallin tebur, sai ka faɗa masa da kanka, na rubuta DBUS_SESSION_BUS_ADDRESS=unix:path=/run/user/1000/bus a saman sikirif ɗin. Ranar da akwatin nan ya fara faɗowa wallahi daɗin da na ji ba kaɗan ba ne, har akawun na kira ya zo ya gani, na ce masa duk Juma'ar da ka ga wannan ka kwantar da hankalinka.

To ashe a tsakiyar zango wani ma'aikaci ya canza kalmar sirrin databes ɗin bai gaya wa kowa ba. Daga ranar mysqldump ya daina shiga, yana faɗuwa nan take, amma shi gzip ba ruwansa, an ba shi babu ya matse babu ya ce ya yi nasara. Kuma a harsashi, wato shell irin bash, idan ka haɗa umarni biyu da | sakamakon na ƙarshe kawai ake dubawa. Saboda haka && ya ga sifili, wato alamar nasara, ya saki sanarwa. Kuskuren da mysqldump yake kuka da shi kuwa cron imel yake tura shi, a kwamfutar da babu mai karanta imel. Duk Juma'a akawu yana turo min saƙo a waya, Oga ta fito, ni kuma in ce madalla.

Sati 7 ana haka. Ana saura kwana 9 a raba sakamako aka kawo wuta da ƙarfi da daddare ta tafi da hadis ɗin ciki. Ban ko girgiza ba, na ce wa shugabar makarantar Hajiya ki ba ni awa ɗaya. Na jona hadis na waje na yi ls -l, sai na ga fayil 7 a jere kowanne bayit 20. Ashirin. Wannan shi ne girman gzip na abin da babu komai a ciki. Ina zaune cikin rigar sanyi biyu a watan Disamba amma zufa ce take bin bayana. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a hannu tana tambaya ya ake ciki, akawu ya ciro wayarsa yana nuna mata hotunan sanarwar da ya riƙa ɗauka duk sati, An gama bakof, An gama bakof. Bakof na gaskiya na ƙarshe na tsakiyar zango ne. Malamai 14 suka zauna kwana 4 suna sake shigar da maki daga takardu, ni ina sayo musu shayi da burodi daga aljihuna, rasiɗan kuɗin makaranta kuwa ɗaya bayan ɗaya aka bi su daga kwali. Ba su kore ni ba amma har yau idan na ce wa Hajiya an yi bakof sai ta ce in buɗe ta gani da idonta, kuma tana da gaskiya.

Abin da nake yi yanzu, sikirif yana farawa da #!/bin/bash sai set -o pipefail don faɗuwar kowane ɓangare ta fito fili. Sanarwa kuma ba ta cewa an gama kawai, tana faɗin girman fayil da minti nawa aka ɗauka, in ya faɗi kuma da -u critical take zuwa wadda ba ta ɓacewa sai ka taɓa ta. Sadiq layin da Malam Nura ya ba ka da ; a tsakiya, ka sani ko ffmpeg ya mutu a minti na biyu An gama zai ce maka. Ka duba $? ko a Python ka duba returncode kafin ka yi wa kanka albishir.

Ummi: Innalillahi, bayit 20 😭

Malam Nura: Gaskiya ne Oga Iliya, na karɓi gyara. A sauƙaƙe na rubuta amma ya kamata a raba nasara da faɗuwa.

Bitrus: Kai Oga sannu. Yanzu zan je in duba nawa wallahi, irin layin nan sak nake da shi da pg_dump

Bashir: Shi ya sa nake cewa a riƙa amfani da bash, ga shi har Oga ya faɗa da bakinsa

Ummi: Ba kai ake nufi ba Yaya Bash

Bashir: Suna linzami ne ƙanwata

Sadiq Terminus: Allah ya kiyaye gaba Oga, na ɗauka. Zan sa ya ƙirga fayil nawa suka yi nawa suka faɗi ya faɗa a cikin saƙon. Malama na sa kitty amma ta ƙi buɗewa tana maganar OpenGL, laftof ɗin tsohuwa ce sosai

Hafsat: Ayya. kitty da katin hoto take zana rubutu shi ya sa. Gwada foot, ita ba ta buƙatar wannan kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai a Wayland kawai take aiki. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga me zai ce

Sadiq Terminus: wayland

Hafsat: Madalla, sudo apt install foot sai ka gwada na 777 ɗin

Kabiru: Tsohuwar laftof, tsohuwar taminal, sai an jima ku ce fasaha ce ba ta da kyau

Bitrus: Oga Kabiru kai da kake Wuse cikin AC ba za ka gane ba. Mu nan laftof ɗin da ta yi shekara 10 tana aiki mutunci ce

Kabiru: Ku da Allah ya ba ku AC kyauta a Jos me za ku ce, fankar kwamfutarku ma ba ta juyawa

Dauda Bukuru: Safiyar yau ko yatsa ba ya lanƙwasuwa a kan kibod, ka zo ka karɓi kyautar

Malam Nura: Jama'a a dawo kan magana don Allah

Bitrus: To ni bari in kawo ta tsofaffi. Me ya hana a yi amfani da ƙararrawa kawai? printf '\a' ko tput bel. Harafi na 7 ne a ASCII, tun zamanin injin teletayif yake inda ƙararrawar ƙarfe ce ta gaske take bugawa, kuma babu taminal ɗin da ba ta san shi ba. Yana bin ssh, tmux ma ya san shi, zai sa alamar ! a jikin sunan tagar da ta buga a layin ƙasa. Ba ya ɗaukar saƙo amma ai Sadiq ya san abin da yake jira. A Alacritty ma da ba ta jin 9 da 777 akwai wajen bell a saitinta da za ka ce duk sanda aka buga ta kira wani umarni, sai ka sa notify-send a wajen, ka ga ƙararrawa ta zama sanarwa.

Sadiq Terminus: Oga Bitrus a Terminus fa nake, ga janareta ga masu sayar da sifika a maƙwabta ga hon ɗin keke, ko ƙararrawar makaranta aka buga ba zan ji ba

Hafsat: Amma dabarar Alacritty ɗin tana da kyau, ban taɓa tunaninta ba. Aibinta ɗaya, duk sanda ka danna Tab babu abin cikewa harsashi yana buga ƙararrawa, sai sanarwa ta yi ta zubo maka

Bitrus: Ana kashe wannan a inputrc, set bell-style none, na furogiram ɗinka zai ci gaba da bugawa

Ummi: Ni tambayata daban ce, wai me ya sa muke cewa taminal, babu kalmar Hausa ne? A ajinmu baƙin allo muke cewa

Bashir: Nawa fari ne

Dauda Bukuru: Wanda yake amfani da farar taminal a binciki lafiyar idonsa

Malam Nura: Ummi baƙin allo yana da daɗi a baki amma ba kowane baƙin allo ne taminal ba. Kuma a rarrabe, taminal daban harsashi daban, bash da zsh su ne harsashi, ita taminal ita ce tagar. Maganar yau ma gaba ɗaya a kan wannan bambancin take tafiya.

Oga Iliya: Harsashi dai na bindiga na sani Malam, ni ma don na ga kuna faɗa ne na bi ku. Ɓawo ya fi kusa da ma'anar

Malam Nura: Ɓawon gyaɗa ko na ƙwai? Mun yi wannan musun a azumin bara ba mu gama ba, a bar shi

Sadiq Terminus: ALHAMDULILLAH ta fito!! A foot na shiga ssh na liƙa na 777 sai ga ta a saman sikirin, Bidiyo, An gama. Malama Allah ya biya ki da aljanna. Amma da na shiga tmux na sake liƙawa shiru

Hafsat: Amin. Eh na san za a zo nan. tmux ita ma taminal ce a cikin taminal, duk abin da furogiram ya rubuta ita take fara karɓa, abin da ba ta gane ba ta zubar, ba ya kaiwa ga foot. Abu biyu za ka yi. Na farko a ~/.tmux.conf na saba ka sa

set -g allow-passthrough on

daga tmux 3.3 zuwa sama a kashe yake zuwa sai ka kunna. Na biyu ka naɗe saƙon a cikin ambulan ɗin tmux, kuma duk ESC da yake ciki sai ka ninka shi biyu:

printf '\033Ptmux;\033\033]777;notify;Bidiyo;An gama\007\033\\'

A Python sai ka duba ko akwai TMUX a os.environ, in akwai ka naɗe in babu ka tura haka nan. Kuma don Allah kada ka yi print ɗinsa kawai. Ranar da ka tura fitar furogiram ɗin cikin fayil da > ko ka haɗa shi da tee, tarkacen nan zai shige cikin log ɗinka. Ka buɗe /dev/tty ka rubuta a can kai tsaye, in buɗewar ta ƙi kamar a cron sai ka wuce shiru kada furogiram ya mutu saboda sanarwa.

Malam Nura: Ƙari a kan na Malama, idan za ka sa sunan fayil a cikin saƙon ka tace shi tukuna. Fayilolin daga katin kwastoma suke zuwa, suna a Linux yana iya ɗaukar kusan kowane harafi har da ESC da \007, in ya shiga tsakiyar saƙon zai rufe shi da wuri ragowar ta zama umarni ga taminal. Ka cire duk harafin da lambarsa ta gaza 32, alamar ; ma ka cire ta daga kanu don ita ce mai rabawa.

Sadiq Terminus: To Malam. Sunayen da suke zuwa ma wani har da emoji da AMARYA FINAL FINAL 2

Oga Iliya: Sadiq tambaya ɗaya. Ka ce kana rufe laftof ka tafi sallah. Idan aikin ya ƙare kana masallaci, tmux babu wanda yake jone da ita, saƙon ina zai je?

Hafsat: Babu inda zai je Oga, ya tafi ke nan, ba a ajiye shi. Wannan ita ce iyakar hanyar, sai taminal tana buɗe kuma igiyar ssh tana raye

Oga Iliya: To kun gani. Shirun ma sai ka ɗauka aiki bai ƙare ba

Dauda Bukuru: Shi ya sa ni waya nake turawa. curl -d "An gama" ntfy.sh/sunan-da-ka-zaɓa sai ka sa manhajar ntfy a waya ka bi wannan sunan, ko kana Bukuru ko kana Farin Gada za ta same ka. Ba rajista ba komai

Bitrus: Ka dai faɗa masa sunan nan shi ne kalmar sirrin, duk wanda ya canka zai karanta saƙonninka kuma zai iya turo maka nasa. Kada ka sa sadiq ko bidiyo, ka sa dogon abu mara ma'ana, kuma kada sunan kwastoma ya shiga ciki

Bashir: Bot na Telegram ya fi, BotFather ya ba ka token ka yi curl zuwa sendMessage

Ummi: Yaya Bash kai da ka tura token ɗinka GitHub wancan watan

Bashir: Na canza shi a ranar, kuma ke na ce ki rufa min asiri

Sadiq Terminus: Kwamfutar ciki ba ta da intanet fa, waya ce kawai tsakaninta da laftof ta rauta, data tsada

Dauda Bukuru: Saƙon bai kai kilobayit nawa ba ai

Sadiq Terminus: Ba saƙon ba ne, in na jona ta yaran shago za su gano su ƙarar da ita a TikTok kafin azahar

Kabiru: Wai har yanzu ba a gama ba? Na je mitin na dawo. Af Bitrus maganar caja ta Mac da na ce ka duba min a wajen mutumin nan naka, akwai?

Bitrus: Akwai amma ta hannu ce, zan turo maka hoto ta gefe. Jama'a na duba bakof ɗina, lafiya lau yake megabayit 340, amma na sa pipefail ɗin yanzu. Oga Iliya shayinka na ranar Asabar a kaina

Oga Iliya: Da ƙwai uku

Malam Nura: Tun da an ambaci Asabar, haɗuwar tana nan ƙarfe 4 bayan la'asar? Ni ina hanya daga Abuja ranar Juma'a in Allah ya yarda, in hanyar Akwanga ta bar mu

Ummi: Tana nan Malam, amma har yanzu ba a samu mai kawo majigi ba

Dauda Bukuru: Zan kawo, a samo min igiyar HDMI doguwa kawai

Sadiq Terminus: Malama na dawo. Na sa passthrough na naɗe, yana fitowa a cikin tmux yanzu, har na sa ya ce bidiyo 6 sun yi 1 ya faɗi kuma da gaske ɗaya katin ne ya lalace. Amma na lura idan na koma wata taga a cikin tmux ɗin ina duba wani abu ba ya fitowa, sai ina kan tagar aikin. Haka yake ko ni na yi kuskure?

Hafsat: Haka yake, on ɗin yana barin saƙo ya wuce ne kawai idan ana ganin tagar. Sababbin tmux suna karɓar all a maimakon on, shi ko tagar tana ɓoye zai wuce. Yi tmux -V ka turo min in gani, cajina saura 3 kuma an ɗauke wuta

Bashir: Wa yake da HDMI mai tsawon mita 5?